Gaisuwar Mama Sisa a Dutsen Rana

Da sunan Allah mai shimfiɗa ƙasa, mai kafa duwatsu, mai raba harsuna a tsakanin bayinsa. Ku matso kusa, ku gyara zama, mai goro ya ɓantara wa na kusa da shi. Labarin da zan ba ku daga nesa ya fito, nesa da ƙarshen kogi, nesa da bayan teku, daga ƙasar da gajimare yake kwana a ƙarƙashin ƙafar mutum.

Sunana Jatau ɗan Nomau. A cikin kwalekwale na yi wayo, da filafili a hannuna na girma. Tun ina saurayi tambaya guda ta hana ni sakat: ina kogin nan namu yake zuwa? Na tambayi mahaifina, ya ce teku. Na ce to tekun fa, ina ya nufa? Ya ce in je in tambaye shi. Shi da wasa ya faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na yi sallama da mutanen gida, na bi ruwa.

Ba zan gajiyar da ku da wahalar teku ba. Na shiga jirgin wasu fatake, guguwa ta farfasa shi, wani katako ya kai ni gaɓar da ban san sunanta ba. Na keta dajin da rana ba ta ganin ƙasarsa, na bi wani kogi har ya zama rafi, rafin ya kai ni gindin duwatsu. Na yi ta hawa. Sanyi ya shiga ƙashina, numfashi ya yi mini ƙaranci, kaina ya riƙa sarawa kamar ana daka a ciki. A bakin wata gona na faɗi, ban ƙara sanin inda nake ba.

Da na farfaɗo sai na ga wata 'yar tsohuwa a kaina, gajera, mai kitso biyu har gadon baya, idanunta sun yi fari-fari da yana. Tana ɗura mini romo mai zafi, tana yi mini faɗa da harshen da ban taɓa ji ba. Ban fahimci ko kalma ba, amma faɗan tsohuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Na buɗe baki na sha.

Sunanta Mama Sisa, ƙauyensu kuma Wairani, a ƙasar mutanen da ke kiran sarkinsu Inka. Na zauna a gidanta har na iya harshensu. Ina yi mata itace, ina gyara mata katanga, ita tana ciyar da ni dankali iri-iri, har da baƙi da shuɗi. Ina kiran ta Kaka, tana kira na Dogo, domin duk ƙauyen babu wanda ya kai kafaɗata. Tana da wata dabba da suke kira lama, kamar an ƙanƙance raƙumi an cire masa tozo an lulluɓe shi da gashin tunkiya. Na sa mata suna Gimbiya saboda girman kanta. Tun ranar farko ta tsane ni. Idan na yi fito kuwa, sai ta kwantar da kunnuwa ta biyo ni da tofi.

Ƙauyen yana cikin damuwa. Ƙanƙara ta kashe musu masara damina biyu a jere, yunwa ta sa sun cinye har irin shuka. Dattawa suka taru suka ce babu mafita sai a aika wani zuwa Dutsen Rana.

Na tambayi Mama Sisa wane dutse ne wannan. Ta ce, "Dogo, a can sama akwai tafki mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa. A tsakiyarsa akwai tsibiri, a kan tsibirin akwai jan dutse. Kakanninmu sun ce a farkon zamani duniya ta yi duhu, mutane suna lalube suna kuka, sai rana ta fito daga wani kogo a jikin dutsen nan. Daga nan kuma kakannin sarakunanmu suka fito, namiji da mace, da sandar zinariya, suka koya wa mutane noma da saƙa. A gefen dutsen akwai lambun masara. Duk garin da masifa ta cinye wa iri, idan ya aika mutum ya kai gaisuwarsa ranar babban biki, masu tsaron dutsen sukan ba shi irin shuka."

Na saurara, abin da na yi imani da shi kuma na riƙe a zuciyata. To amma wa zai je? Samarin ƙauyen duk an kwashe su aikin hanyar sarki, dattawan kuwa kowa ya fara tuna ciwon gwiwarsa. Mama Sisa ta miƙe ta ce, "Ni zan je. Idona yana rufewa, ina so in ga hasken dutsen nan kafin ya gama rufewa. Dogo zai raka ni."

Na ce, "Kaka, ba ki tambaye ni ba."

Ta ce, "Da na ɗura maka romo, na tambaye ka?"

Muka kama hanya, ni da ita da Gimbiya.

Bayan 'yan kwanaki muka iso wani kwazazzabo mai zurfin da ba a jin ƙarar kogin da ke ƙasansa. An tsallaka shi da gada, amma gadar ta igiyar ciyawa ce zalla, tana lilo a iska. Mama Sisa ta kama igiya ta wuce kamar tsakar gidanta take tafiya. Ni na biyo ta ina karanta duk addu'ar da na sani, ina jan Gimbiya. Muna isa tsakiya sai Gimbiya ta duba ƙasa, ta duba ni, ta naɗe ƙafafu ta kwanta. Na ja, ta ƙi. Na lallashe ta, na kira ta 'yar sarki, ta kau da kai. Iska ta fara tashi, gadar ta riƙa kaiwa da komowa, na ji igiyoyi suna kuka.

Mama Sisa ta yi kira daga tsallake, "Dogo, saki igiyarta ka tsere da ranka!"

Na saki igiyar, amma ban bar ta ba. Na matsa gaba kaɗan, na juyo, na dube ta ido cikin ido, na rangaɗa fito irin na masunta. Kunnuwanta suka kwanta. Na ƙara. Sai ta zabura ta miƙe, ni kuwa na juya na zura da gudu a kan igiyar da ɗazu nake rarrafe a kanta. Tana bina tana tofi, ina gudu ina fito, har muka faɗo kan ƙasa. Ƙeyata ta jiƙe sharkaf da koren miyau mai wari. Mama Sisa ta yi dariya har ta zauna dirshan, tana cewa, "Kaico idona! Rabin abin kawai na gani!"

Daga nan muka yi ta hawa har muka bar gajimare a ƙasa. Wata safiya muka zagaya wani tudu, sai ga tafkin. Jama'a, ni ɗan ruwa ne, amma ban taɓa ganin ruwa mai shuɗin wannan ba. Ko marina ba ta taɓa fitar da irinsa ba. A bayansa duwatsu ne masu farin kai, a jere kamar malamai da rawuna.

A bakin tafkin muka tarar da cincirindon masu ziyara, kowa yana jiran jirgi. Jiragen nasu da wata ciyawar ruwa ake ɗaure su, mai kama da kacalla, kuma sun yi kaɗan. Manya da masu rakiyarsu suka cika su. Aka ce mana mu jira har bayan biki. Bayan biki kuwa ba a karɓar gaisuwa.

Wasu masunta suka tausaya mana suka ce mu huta a wurinsu. Su waɗannan mutane ba a ƙasa suke zaune ba. Ciyawar nan suke tarawa su shimfiɗa, wata kan wata, har ta zama tsibiri mai yawo a kan ruwa, su ɗaure shi da turaku, su yi bukkokinsu a kai. Idan ka taka sai ka ji kamar kana tafiya a kan cikin saniya. Suka ba mu wani lungu a gefe inda agwaginsu ke kwana. Muka ci soyayyen kifi, rana ta yi ɗumi, barci ya kwashe mu.

Kukan agwagi ne ya tashe ni. Na duba, babu bukkoki, babu masunta, ruwa ne ta ko'ina. Ashe Gimbiya ce ta cinye igiyar da ta haɗa lungunmu da sauran tsibirin, tana nan tsaye tana tauna ragowar.

Mama Sisa ta tambayi abin da ya faru, na gaya mata. Ta ce, "To tsibirin dutsen yana ta ina?"

Na hango shi can, baƙi-baƙi. Na ce, "Yana gabanmu, iska kuma tana bayanmu."

Ta ce, "Ka ce mun samu jirgi."

Na tuge turke guda na kafa shi a tsakiya, na ɗaura bargonta iska ta cika shi, na mayar da wani turken abin juya kai. Haka muka tafi, sannu a hankali, da agwaginmu da dabbarmu da tsohuwa a zaune tana waƙa. Jiragen manya suka riƙa wuce mu, mutane suna miƙewa suna nuna mu. Da muka isa, har masu tsaron tsibirin suka sauko kallo, suna cewa ba su taɓa ganin baƙin da suka zo da ƙasarsu ba. Mai agwagin ya biyo mu daga baya da fushi, amma da ya ji labarin sai dariya ta ci ƙarfinsa.

Da asubar ranar biki aka jera mu a kan hanyar dutse. Ƙofofi uku ake wucewa. A ta farko aka sa mu cire takalma. Ta biyu an lulluɓe ta da gashin wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙyalli, a nan aka sa mu wanke hannu da fuska. A ta uku babban mai tsaron dutsen yake tsaye da kansa, wani dattijo mai faffaɗan ƙirji da manyan 'yan kunne na zinariya, ana kiran sa Taita Waman. Duk wanda ya zo gabansa sai ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa ta wajen dutsen, sannan ya wuce.

Na raɗa wa Mama Sisa, "Kaka, ni ba na kai goshina ƙasa ga dutse ko rana. Ga Wanda ya halicce su nake kaiwa. Ki wuce, zan jira ki a nan."

Ta ce, "Wanda ya wuce ƙofa ta biyu ba ya komawa. Idan ka ƙi, tafki za su jefa ka." Sai ta dafe ƙugu ta saki ƙara, "Wayyo ƙafafuna! Dogo, ƙafafuna sun mutu! Goya ni!"

Na durƙusa ta haye bayana, ta maƙale wuyana. Haka muka isa gaban Taita Waman. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Baƙo, daga ina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga bayan teku. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ba na…"

Mama Sisa ta toshe mini baki da tafin hannunta. Ta ce, "Taita, ni ce mai ziyara, ni Wairani ta aiko. Wannan ƙafafuna ne. Idan ya sunkuya, da ka zan faɗi in fasa goshi a ƙofarka. Ga nawa kan, na sunkuyar." Ta sunkuyar da kanta a kan kafaɗata.

Taita Waman ya daɗe yana kallon mu. Ya gane sarai. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Uwa, ƙafafunki suna da tsawo, har da baki. Ku wuce. Amma kada su taka inda ba a ce su taka ba."

Muka shiga wani fili mai faɗi, cike da mutane, kowa ya fuskanci dutsen. Ja ne, ya fi soro tsawo, an lulluɓe bayansa da saƙi mai launi-launi, gabansa kuma an manna masa faifan zinariya kewaye da bakin kogon. Aka tsaya jiran rana.

Rana ta ƙi fitowa. Wani baƙin hadari ya tokare gabas, gari ya waye amma babu haske. Ganguna suka yi shiru. Aka fara gunaguni, gunagunin ya zama magana. Wani ya ce, "Baƙon nan ne, bai durƙusa ba!" Wani ya karɓa, "Rana ta yi fushi! A kai shi tafki!" Na ga ƙarti suna ratsa taro suna nufo mu.

Sai Mama Sisa ta ɗaga murya daga bayana, muryar da ban san tana da ita ba: "Ya Dutsen Rana, Wairani tana gaishe ka!"

Ƙartin suka tsaya cak. Al'adarsu ce, muddin mai ziyara ya fara isar da gaisuwar garinsu, ba a katse shi, ba a taɓa shi, ba a taɓa abin da ke ɗauke da shi, sai ya gama.

Ita kuwa ba ta da niyyar gamawa. Ta fara da mai gari, ta faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, da yadda haƙorinsa ya fita. Ta bi gida-gida. Ta isar da gaisuwar masu rai, ta koma kan matattu, ta zo kan jariran da ke ciki. Ta ce maƙwabciyarta Kusi tana gaisuwa, ko da yake har yau ba ta dawo mata da tukunyarta ba. Wata mata a cikin taron ta tuntsire da dariya, ta yi sauri ta rufe baki. Bayana ya fara ciwo, zufa tana zuba duk da sanyin nan. Da mutane suka ƙare ta shiga dabbobi. Ta ce Gimbiya tana gaisuwa, ta ba da labarin gada tun daga farko, har da fito, har da tofi. Dariya ta fara yawo a cikin taron. Ƙartin ma suka sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa. Taita Waman ya juya baya, wai yana duban gabas.

Hadarin dai yana nan. Na ji muryarta ta fara dishewa. Ta sunkuyo kunnena ta ce, "Dogo, nawa sun ƙare. Ba ni naka."

Na ce, "Mahaifiyata, Tabawa."

Ta ɗaga murya, "Tabawa ta bayan teku, wadda ta haifi ƙafafuna, ina ambaton ta a nan!"

Na ce, "Ƙanwata Delu. Kawuna Barmo mai saƙar taru. Gwaggo Kande mai ƙosai."

Tana karɓa tana faɗa da karkataccen harshe, dutsen yana maido da sunayen. Shekaru ban ji an kira su ba sai a cikin zuciyata. Ga ni a ƙarshen duniya, tsohuwar wasu a bayana, ana kiran Gwaggo Kande a gaban dubban mutane. Hawaye suka zubo mini, ban iya sharewa ba domin hannuwana suna riƙe da ita. Mutanen da ke kusa suka ga haka, wata tsohuwa ta matso ta goge mini fuska da gefen mayafinta. Babu wanda ya ƙara zancen tafki.

Muna kan 'ya'yan Kawu Barmo sai hadarin ya tsage.

Hasken ya sauka a kan zinariyar nan gaba ɗaya, ya dawo kan fuskokinmu kamar an buɗe ƙofar maƙera. Filin ya ɗauki guɗa, ganguna suka tashi, aka busa manyan katantanwa. Mama Sisa ta ƙanƙame wuyana tana cewa, "Na gani! Dogo, ina ganin sa! Ja ne, ga kogon, ga shi nan!" Tana kuka tana dariya. Sai na ji bayana ya yi sakayau. Ta diro ƙasa ta faɗa cikin masu rawa, tana juyi tana buga ƙafa kamar budurwa.

Taita Waman ya zo ya tsaya kusa da ni, muna kallon ta. Ya ce, "Na ga ƙafafun uwar nan sun warke."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma yanzu na gani."

Ya yi dariya har 'yan kunnensa suka kaɗa. Ya ce, "Baƙo, kai ba ka ɓoye abin da ke ranka ba, ita kuma ba ta yar da kai ba. Ku zo ku karɓi irinku."

Aka ɗora wa Gimbiya buhu biyu na masara, fara da ja da mai ɗigo-ɗigo. A jirgin manya aka tsallakar da mu. Da muka isa Wairani, tun daga kan tudu aka tarye mu da ganguna. Na tsaya na yi shuka tare da su, na ga tsiro, na ga bunni, na ga goyo. Ƙanƙara ba ta zo ba. Ranar girbi aka gasa masarar fari, aka ba Mama Sisa, ta karya biyu ta miƙo mini rabi.

Bayan haka na ce zan nemi hanyar gida. Ta raka ni har bakin gonar da ta tsince ni. Ta shafa fuskata da hannu biyu domin idon ya kusa rufewa, ta ce, "Ka gaya wa Tabawa na kai sunanta inda ƙafarta ba ta je ba."

Na daɗe a hanya, furfura ta fara fito mini kafin in ga kogin garinmu. Na tarar da mahaifiyata da rai, ta tsufa, tana zaune a tabarma tana gyaran wake. Bayan an gama koke-koke da guɗa, na zauna na ba ta labarin nan kamar yadda na ba ku. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ture faifan waken gefe, ta ce, "Wato tsohuwar wasu ka goya tun asuba har hantsi?"

Na ce, "Haka aka yi, Inna."

Ta ce, "Ni da na goya ka har ka yi haƙora fa? Juyo. Durƙusa."

Na durƙusa, ta haye. Ta ce, "Gidan Kande za mu fara. Yau duk garin nan sai na gaishe shi."

Haka muka fita, yara da manya suna bin mu suna tafi, tana ɗaga wa kowa hannu daga sama.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, kunnenku kuma ya ji. Allah ya sada kowane matafiyi da mai ɗura masa romo, ya maido shi gida ya tarar da nasa.